Shawarwari kan karanta shari'ar masu rikiɗa kyarkeci

Abin da na tsinta a wata hira da muka yi kan shari'ar mutanen da aka zarga da rikiɗa su zama kyarkeci kenan, duk mai karanta labarin Peter Stumpp da aka kashe a Bedburg ta Jamus a 1589 kar ya ɗauki amsa laifinsa a matsayin hujja, don sai da aka gana masa azaba ya ce wai shaiɗan ya ba shi bel ɗin rikiɗa, wallahi abin da ya fi taɓa ni har 'yarsa aka kashe tare da shi. An kuma ce a gwada da shari'ar Jean Grenier a Faransa a 1603, wanda shi ma aka zarga da rikiɗa, amma shi yaro ne, kotu ta sa a tsare shi a gidan ibada maimakon kisa.