Yaya shinkafar gida za ta yi gogayya da 'yar waje?

Mai injin casa, Kura: Assalamu alaikum. Na kafa injin casa lokacin da gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa a 2019, kuma a shekarun farko ko buhu ɗaya ba ya kwana a rumfata. Yanzu kuwa 'yar waje ta dawo kasuwa, kuɗin gas ya cinye riba, dillalai suna taya shinkafata ƙasa da abin da na kashe. Ina neman shawarar magabata.

Manomi, Auyo: Wa alaikumus salam, Malam. Matsalarmu ta farko tsakuwa ce, domin uwargidan da ta zauna tana tsince shinkafa a faranti kafin ta ɗora tukunya, ba za ta sake neman buhunka ba, komai arharsa. Ka sayi injin cire tsakuwa, kuma ka hana masu turara shanshera su shanya ta a gefen kwalta.

Hajiya mai awo, Bunkure: Alhaji ya faɗi gaskiya. Ni da nake aunawa da kwano na ga yadda masu saye ke damƙar ƙwaya su duba haskenta da yawan karyayya. Ɗana, ka zuba a ƙananan buhuna masu tambarinka, ka yi rajista da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Mai injin casa, Kura: Na gode, Hajiya. Zan fara da injin tsakuwar bayan girbin rani, in Allah Ya yarda.