Wai da gaske ne wagga kaskar shanun daga Asiya ta hito?

Makiyayin Bagudo:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sani a taimaka. Tun da damina ta faɗi kaska ta hana shanunmu sakat, ƙanana ne amma yawa, wuya da hantsa da ƙarƙashin ciki duk sun cika, mun yi feshi har sau biyu kamar ruwa muka zuba. Malamin dabbobi ya ce ƙila irin ta Asiya ce da ta shigo ta Benin. To ya aka yi kaska ta baro can ta iso nan?

Ɗan Argungu:
Wa alaikumus salam. Maganar malamin da ƙamshin gaskiya. Sunanta Rhipicephalus microplus, asalinta kudancin Asiya ne da kudu maso gabas, wato Indiya, Bangaladash, Tailan, Indunusiya, Filifin har kudancin Sin, duk inda akwai zafi da laima, in ka nausa arewa wajen sanyi mai tsanani sai ta yi ƙaranci. Kuma ba da ƙafarta ta zo ba, jikin shanu ta bi. Ta daɗe a Barazil, daga can aka shigo da shanun madara Kwaddibuwa da Benin, a 2007 aka fara ganinta a Kwaddibuwa. Kai da kake bakin iyaka ka san yadda garke ke ƙetarawa kullum.

Maman Khadija:
Allah sarki, mu ma a Yauri bara mun rasa karsana, fitsarinta ja wur kamar zoɓo, ta daina kiwo, kwana uku ta faɗi. Har yau abin na raina.

Ɗan Argungu:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Ciwon fitsarin jini kenan, kaska ke ɗauko shi. Abin da ya sa wannan ta fi muni, tun tana ƙarama take maƙale jikin saniya ɗaya wajen sati uku, in ta ƙoshi ta faɗo ƙasa ta zuba ƙwai dubbai, ga ta da saurin sabawa da magani. Amma Malam kar ka yanke da ido, tana kama da tamu ta gida sosai. Ciro kaɗan ka sa a kwalba, ka kai ofishin dabbobi a Birnin Kebbi su duba.

Makiyayin Bagudo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe da asuba in an tatsa zan ciro su in sha Allah. Wanga maganin da ya ƙi ci shi ma in tafi da kwalbarsa?

Ɗan Argungu:
Tafi da ita, su ga sunan su canza maka wani iri.