Masu haɗa jirgin sama na katako a gida: wane katako, wane gam?

Kafintan Zariya:
Assalamu alaikum. Sana'ata kujeru da ƙofofi, amma ƙananan jiragen kwalejin horar da matuƙa da ke shawagi a kan garinmu sun daɗe da shiga raina. Yanzu zanen Pietenpol Air Camper ya zo hannuna, mai kujera biyun nan da Bernard Pietenpol ya tayar a 1929 da injin motar Ford. Na share rabin shagon da ke bayan gida, na kafa dogon tebur, amma ko tsinke ban yanka ba tukuna. Waɗanda suka taɓa aikin da hannunsu, ku faɗa mini abin da kuka tarar. Obeche ko afara na kasuwar katako za su yi?

Baƙon Minesota:
Wa alaikumus salam, maigida. Irin naka nake haɗawa a garejina, kuma a jihar nan ta Amurka mai zanen ya yi zamansa, a ƙauyen Cherry Grove. Na gama haƙarƙarin fukafukai, wato siraran katakan da ke ba fiffike siffarsa, ina kan gangar jiki.

Kada ka nufi kasuwa tukuna. Da katakon Sitka spruce aka yi lissafin jirgin nan, wanda ke fitowa a gabar Alaska da yammacin Kanada, don ga shi sakayau ga ƙarfi. Ko a cikinsa ma ba kowane falanki ke shiga jirgi ba. Idan jijiyar katakon ta karkace fiye da inci 1 a tsawon inci 15, an ajiye shi gefe. Zoben shekara kuma, wato layukan girman bishiya da ake gani a bakin falanki, kada ya gaza 6 a kowane inci. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani siririn tsagi da ke ratsa jijiyar a gicciye, wanda ke samuwa in bishiya ta faɗi a kan tudu ko iska ta tanƙwara ta da ƙarfi. Na same shi a wani falanki da aka aiko mini, sai da na haska tocila a kaikaice sannan ya bayyana. Na tsaga siriri daga wurin, na ɗan lanƙwasa da hannu, ya karye ƙas. A ido kuwa falankin nan ba shi da makusa.

Shawarata ka fara da haƙarƙari. Ka manna zanen a kan allo, ka kafa ƙananan katakai su riƙe siffar, ka shimfiɗa leda don kada gam ya kama allon. Sandunan rabin inci ne da kwatar inci, ana haɗa mahaɗarsu da gutsattsarin filawud mai kaurin 1/16 na inci. Sandar sama sai an jiƙa gabanta ko an turara ta kafin ta yarda ta lanƙwasa. Ɗaya ake yi a rana, tunda gam sai ya kwana, kuma wajen 30 kake buƙata. Kafin ka kai na goma za ka san ko kai da aikin nan za ku shirya.

Tsohon Makaniki, Kaduna:
Malam kafinta, gyaran jirage na yi har na ajiye aiki, kuma na taɓa taya wani abokina haɗa jelar jirgin katako a gidansa. Abin da ɗan'uwanmu na Amurka ba zai faɗa maka ba, don bai dame shi kamar mu ba, shi ne hunturu. Kai ka fi ni sanin yadda ƙofa ke kumbura a watan Agusta ta ƙi rufuwa, Janairu na yi ka ga haske ta gefenta. Katakon jirgi ana son danshinsa ya tsaya kusa da kashi 12 cikin 100. A iskar hunturunmu yana bushewa ya faɗi ƙasa da haka nesa, bakin falanki ya fara tsagewa. Mun manna filawud a kan jelar nan a tsakiyar sanyi, ya kwanta sumul. Damina na sauka ya sha laima, ya yi tudu da kwari tsakanin sanduna. Saboda haka ka sayi na'urar awon danshi, ka shafe bakin falankai da fenti, kada ka lulluɓe komai da filawud a lokacin da iska ta fi bushewa. Katako kuma a rataye shi sama, gara ba ta san na jirgi ba.

Batun gam: farin gam ɗinku na kujeru ka manta da shi gaba ɗaya. Ni resorcinol na yarda da shi, mai jan launin nan, don zafi da ruwa ba sa girgiza shi. Sai dai yana da sharaɗi: mahaɗa ta zauna daram babu rata, a matse ta sosai, ɗakin kuma kada ya sauka ƙasa da digiri 21. Duk kwaɓin da ka yi, ka manna gutsattsari biyu, ka rubuta kwanan wata. In sun bushe ka doke su da guduma. Katakon ake so ya yage. In wurin gam ɗin ne ya rabu fes, duk abin da ka manna ranar nan abin tuhuma ne.

Baƙon Minesota:
Baba, a yi mini afuwa, mu nan yawanci T-88 muke amfani da shi, ifoksi ne da ake kwaɓawa ɗaya da ɗaya, yana cike 'yar rata kuma ba ya son matsi da yawa.

Tsohon Makaniki, Kaduna:
Na san shi, yaro. Amma ifoksi yana laushi in ya ji zafi, kuma ranar Minesota ba ta Zariya ba ce a watan Afrilu. In dai shi za a yi, to fenti ya zama fari, jirgi kuma a inuwa.

Ɗan Damagaram a Faransa:
Sannunku da aiki. Ni Jodel muke haɗawa a ƙungiyarmu, jirgin da Joly da Délémontez suka fara fitarwa a 1948, daga sunayensu ma aka yanko nasa. Malam, katakon Afirka yana tashi sama, don filawud ɗin da muka lulluɓe gefen jirgin da shi na okoumé ne, itacen Gabon. Wuraren da ke ɗaukar nauyi sosai kuma na birch muke sawa, daga Finland. Amma duka masu hatimin jirgi ne, an gwada gam ɗin da ke tsakanin fallayensu. Obeche bai kai spruce ƙarfi ba, kuma da zarar ka canza itace, duk awon da ke zanen ya tashi, sai injiniya ya sake lissafi. Wanda aka saba musanyawa da shi shi ne Douglas fir, ya fi ƙarfi amma ya fi nauyi da wajen kwata.

Ka kuma auna ƙofarka. Fiffiken Jodel guda ne, ya zarce mita 8, wani a cikinmu sai da ya fasa bangon garejinsa kafin ya fito da nasa. Kuma a nan ba ka da ikon rufe ƙashin fiffike, wato dogon katakon da ke ɗauke da shi, sai mai duba ya zo ya leƙa cikinsa.

Uwargidan mai jirgi, Ingila:
Ku bari mu ma na cikin gida mu ce wani abu. Ƙurar katako har cikin tukunya. Hannun maigidana ya yi ƙuraje saboda ifoksi, yanzu ba ya taɓa shi sai da safar hannu. Da aka zo sa wa fiffike yadi, dutsen gugata ya ɗauke, wai da shi ake ɗame yadin a hankali har digiri 177, ya zauna da ma'aunin zafi yana yi wa dutsen alama. Sabo na sa ya saya mini. Malam, ka shawarci iyalinka tun yanzu, aikin shekaru ne.

Kafintan Zariya:
Allah ya saka da alheri, Hajiya, na ji. To in spruce ne dole, ta yaya falanki mai tsawon fiffike zai iso Zariya? Ƙafa 29 na gani a zanen.

Baƙon Minesota:
Akwai zanen da ya raba fiffiken uku, tsakiya da gefe biyu, shi da yawa ke bi yanzu, kowane ƙashi bai kai ƙafa 14 ba. Sandunan haƙarƙari kuwa gajeru ne, a kwali ɗaya za su zo. Ka riƙa ɗaukar hoton kowane mataki kana rubutawa. A nan doka ta ce sai ka nuna kai ka yi fiye da rabin aikin, sannan a ba ka awa 40 na gwaji ba tare da fasinja ba in injinka na mota ne.

Tsohon Makaniki, Kaduna:
Wannan dokar can ce. Kai ka rubuta wa NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kafin ka biya kuɗin katako, ka ji matakan da za su so su gani da idonsu kafin a rufe. In ka samu amsa ka kawo ta nan mu karanta tare.