Masha ce ke ɓata mana yara? Muhawarar zauren zumunci

Maman Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku bar ni in amayar da abin da ke raina. Katun ɗin nan na Masha da beyar, wallahi na tsani yarinyar nan har cikin zuciyata. Ba ta gaisuwa, ba ta jin bari, ta faɗa gidan babba ba sallama ta hargitsa komai, shi kuma ya yi ta gyara yana haƙuri. Ɗazu na tarar da Amira ta juye min mudun garin tuwo a bokitin ruwa tana damawa, wai girki take irin na Masha. Na yi mata tsawa ta kalle ni ta yi dariya. Amira da ba ta haka! Ni dai na ce katun ɗin nan yana koya wa yara raina manya. Yarinya fitinanniya, tana yawo a daji da ɗankwali kamar 'yar ƙauye, ita ce ta zama malamar 'ya'yanmu.

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Maman Amira, me 'yar ƙauye ta yi miki?

Maman Amira: Gwaggo ba haka nake nufi ba, shigarta nake faɗa.

Gwaggo: Ni 'yar ƙauye ce. A ƙauye aka yanke min cibiya, a ƙauye aka haifi uban mijinki. Ɗankwalin ma har yau ban ajiye ba. Ki nuna min 'yar ƙauyen da za ta shiga ɗakin babba ba sallama. Rashin kunyar yara ai a birni muka zo muka gan shi.

Maman Walid: Gwaggo kin faɗi gaskiya. Wasu in suka samu gida mai tayil sai su manta inda aka fito.

Maman Amira: Maman Walid da wa kike?

Maman Walid: Ban kama suna ba.

Auta: Gwaggo, ki yi haƙuri in sa baki. A zahiri shigar mutanen karkara ce, amma karkarar Rasha. Doguwar rigar da ɗan kallabin nan tufafin gargajiya ne na matan ƙauyukansu. Kamfanin Animaccord na Mosko ne ya yi katun ɗin, an fara nuna shi a 2009, kuma sun aro sunan ne daga wata tsohuwar tatsuniyarsu. A tatsuniyar ma beyar ne mai laifi: yarinya ta ɓata a daji ya tsare ta a bukkarsa tana yi masa girki, sai ta yi dabara ta ɓuya a cikin kwandon abincin da ta roƙe shi ya kai wa kakanninta, ya ɗauke ta da kansa ya mai da ta gida bai sani ba. A katun ɗin sai aka juya, ita ce ta zame masa alaƙaƙai.

Gwaggo: To ka ga, ƙauyen wasu ne. Amma da ta ce 'yar ƙauye ba ta ce ta Rasha ba.

Baffa: Ni abin da ya sa ban hana jikokina ba ke nan. Yarinyar tana da sutura, ta sa hijabinta, ba irin waɗancan 'yan tsanan na Amurka masu tsiraici ba.

Maman Amira: Baffa, da girmanka, wannan ba hijabi ba ne. Gashinta a waje yake ta gaba.

Baffa: Ƙaramar yarinya ce, hukunci bai hau kanta ba. Ko rabin kai ta rufe ta fi wadda ba ta rufe ba.

Auta: Baffa ba don addini aka sa mata ba fa, kuma a wasu fitowar tana cirewa ta sa wasu kayan.

Baffa: Kai Auta, komai sai ka ce ka fi kowa sani. Na ce maka Musulma ce? Na ce tana da sutura.

Anti Malama: Don Allah mu koma kan maganar, domin Maman Amira ta taɓo abu mai muhimmanci, kalma ɗaya ce ta kauce mata. Na daɗe ina koyar da 'yan nazare, kuma na zauna na kalli katun ɗin nan da yara. Ƙiriniya ba ita ce matsalar ba. Kowane ɗan shekara uku ko huɗu yana da ita, wanda ba ya yi ma shi ake kai wa asibiti a duba. Abin da ke ƙona wa iyaye rai abu biyu ne. Na farko, beyar ɗin ba ya magana. Shi ne babba a labarin, tsohon ɗan wasa ne a gidan da ake horar da dabbobi suna nishaɗantar da jama'a, ya yi ritaya yana son ya huta, ya sha shayinsa, ya kula da amyar zumarsa, ya je kamun kifi. Amma bakinsa a rufe yake, sai gurnani da nuni da hannu. Yaro na kallo bai taɓa jin babba ya ce "wannan ba daidai ba ne, ga dalili" ba. Masha ce mai baki. Na biyu, ɓarnar ba ta cika komawa kanta ba. A cikin minti bakwai ta fasa, ta zubar, ta hana shi barci, kafin a ƙare an shirya ana dariya. Mu manya muna ganin wahalar beyar saboda mu ne beyar ɗin a gidajenmu. Yaro kuwa yana ganin wadda ta yi abin da ranta ke so kuma ba a daina son ta ba. Ina iyayenta ma? Tana zaune a wani ɗan gida kusa da layin dogo, akuya da kare da alade suna ɓuya in sun ji motsinta, ba uwa ba uba a gani.

Maman Walid: Alade? Maman Amira ashe har da alade kike bari 'yarki tana kallo?

Maman Amira: Ke Walid ɗinki ba Peppa yake kallo ba? Can ai gidan gaba ɗaya aladu ne, uwa da uba da 'ya'ya.

Maman Walid: Sau ɗaya ya gani a gidanki ranar suna.

Maman Amira: A gidana? Ki ji tsoron Allah.

Auta: Anti, ƙaramin gyara. Wani lokaci beyar yakan tsayar da ita a lungu ta fuskanci bango in ta yi laifi. Kuma akwai inda take jinyarsa ko ta yi ƙoƙarin gyara abin da ta ɓata. Wanda ya ƙirƙiro ta, Oleg Kuzovkov, an ce wata yarinya ya gani a bakin teku yana hutu, mai shiga jikin kowa ba tsoro, har bayan 'yan kwanaki masu hutun suka fara ɓuyar mata. Ke nan da gangan aka yi ta mai gajiyar da mutane. Kuma abin da Amira ta kwaikwaya ina jin fitowar nan ce da Masha ta dafa fate ya yi ta tumbatsa har ta cika duk tukwanen gidan ta ɗura wa dabbobi. An kalle ta a YouTube fiye da sau biliyan 4.

Anti Malama: Na yarda da gyaran, amma tsayuwar lungu ta ɗan lokaci ba ta kai nauyin ɓarnar ba a idon yaro. Shi ya sa nake cewa a zauna da shi a zame wa beyar baki. In ta zubar da abu ka tambaye shi, wa zai share? Ya ji daɗi?

Baffa: Biliyan 4 kuma a ce ba shi da kyau? Hassada ce ta Turawan Yamma. Duk abin da Rasha ta yi sai sun kushe.

Auta: Wannan kam an yi. A 2018 jaridar The Times ta Ingila ta buga labarin masu cewa farfagandar gwamnatin Rasha ce, har da kafa hujja da inda Masha ta sa hular masu gadin iyaka ta zamanin Tarayyar Sobiyet tana tsaron gonar karas.

Baffa: Ka ji ko! Yanzu ka yi magana.

Yaya Babba: Baffa, Rasha da Amurka duk kanwar ja ce. Babu mai son 'ya'yanmu a cikinsu.

Maman Amira: Ni ban kawo maganar Rasha ba. Garina ya lalace, 'yata ta yi min dariya, shi na kawo.

Maman Walid: Yaro ai abin da ya gani a gida yake yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Maman Amira: Yaya Babba kana gani ko? Tun bikin bara take nema na da magana a kan kuɗin anko, yau ta samu hanya.

Maman Walid: Tunda kin tayar, har yau ba a ba ni canjina ba.

Gwaggo: Ni dai har yanzu ban ji an janye kalmar nan ba. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo, akwai wanda ya fi shi ha'inci? Ya cuci Ƙoƙi, ya cuci kura, ya cuci sarki. Wa ya zama ɓarawo a cikinmu? Domin kakarmu ce ke ba mu, tana gamawa ta ce kun ga abin da kwaɗayi ya jawo masa. A ƙauyen da ake rainawa ke nan.

Anti Malama: Gwaggo, abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Gwaggo: A'a Malama, ke kina kare ta ne.

Yaya Babba: To ya isa haka. A matsayina na mai kula da zauren nan bari in tattara abin da aka cimma. Kowa ya yarda katun ɗin nan ba shi da wani amfani, kuma asalin matsalar ita ce miƙa wa yara waya, abin da na daɗe ina faɗa ba a ji. A gidana babu yaron da ke taɓa waya, kuma kowa shaida ne a kan natsuwarsu. Maman Amira tana da gaskiya a kokenta, kalmar da ta faɗa kuma kuskuren baki ne, Gwaggo ta yi haƙuri. Maganar Rasha ba ta da tushe. Auta ya rage kawo dogon bayani a gaban manya. Maganar anko a same ni ta waya. Na rufe wannan babin.

Baffa: Ni ban yarda ba shi da amfani ba, kar a sa ni cikin "kowa".

Anti Malama: Yaya, babu wanda ya ambaci waya a nan sai kai. A talabijin ma ana kallonsa. Abin da na ce game da zama da yaro bai shiga bayaninka ba.

Gwaggo: Haƙuri kuma ba kai za ka ba ni ba. Mai maganar tana nan tana karantawa.