Tambaya kan hurt, injured da harmed a rahoton hatsari

Assalamu alaikum. Ina rubuta rahoton hatsarin mota da Turanci, kalmomin nan sun cakuɗe mini. Na rubuta "the passengers were wounded", mai duba aikin ya soke, ya sa injured. Na duba ƙamus, na ga wounded galibi na raunin makami ne, bindiga ko wuƙa, damaged kuma na kaya ne. Wannan na gane.

Inda na maƙale shi ne harmed. "No one was hurt" ya wuce lafiya, amma "the driver was harmed" ya sake sokewa ba tare da bayani ba, alhali a jaridu ina ganin "escaped unharmed" a irin wannan labari.

Don Allah, me ya sa unharmed ke shiga labarin hatsari, amma harmed ba ya shiga?