Talabijin ɗina sai ta yi minti ashirin kafin ta kunnu, a taimaka da shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Talabijin ɗin falona ce, LED inci 43, shekararta shida a hannuna. Tun bayan sallah ta tsiro da wani hali: in na danna rimot sai jar fitilar nan ta yi ta ƙiftawa, ana jin ƙas-ƙas daga baya, sai can hoto ya fito. Da minti biyar ta fara, yanzu ta kai ashirin, kuma da sanyin safiya ta fi gardama. Amma in ta kama, sai ta wuni lafiya lau. Wani mai gyara a unguwarmu ko buɗewa bai yi ba ya ce sai an canza fanel ɗin wuta gaba ɗaya. Ina da mita da abin like dalma, ina ɗan taɓa gyaran rediyo. In buɗe da kaina?

Wani mai gyara daga Sabon Gari, Kano:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar ka yi saurin sayen fanel. Wannan gardamar ta safiya ita ta tona asirin kafasita. Ruwan da ke cikinsu ne ya bushe saboda zafi, in sun ɗumama sai su ɗan farfaɗo, shi ya sa take kamawa daga baya. Buɗe bayanta ka dubi fanel ɗin da wayar wuta ta shiga. Ta ɓangaren da wuta ke fita za ka ga kafasitocin, kamar ƙananan gwangwanaye a jere kusa da ƙarfen da ke shan zafi, galibi 470µF ko 1000µF, 16V ko 25V. Lafiyayye kansa a shafe yake. Wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa-tsatsa a ka, ya gama aiki. In ɗaya ya kumbura, canza duk na layin, tare suka tsufa.

Wani malamin lantarki:
Oga ya faɗi gaskiya, amma ya tsallake abin da ke kashe mutum. Akwai ƙaton kafasita guda mai 450V kusa da inda wuta ke shiga. Yana iya riƙe sama da 300V ko bayan ka zare soket. Auna shi da mita tukuna. Ka sauke wutar da rizisto ko ƙwan fitila irin na da mai zare, ban da sukundireba, don tartsatsin na iya ƙona layin fanel. In hannunka bai saba ba, wallahi ka bar wa masu sana'ar.

Wani daga Maraɗi:
Ni tawa babu wanda ya kumbura, amma su ne. Mita ta yau da kullum ba ta nuna ba, sai da aka sa mitar ESR, wadda ke auna lafiyar kafasita. Ka gwada hura wa wajen iska mai zafi da na'urar busar da gashi na minti ɗaya, ka kunna. In ta tashi nan take, ka kama ɓarawo.

Mai gyaran Sabon Gari ya dawo:
Wajen saye ake cutar mutane. µF, wato yawan wutar da yake iya ajiyewa, ya zama daidai da na tsohon, V kuwa daidai ko sama, kar ya yi ƙasa. Nemi mai 105°C, mai 85°C ba ya jure zafinmu na bazara. Kar ka karɓi wanda aka ciro daga tsohon fanel ko da kyauta ne. Gefen da ke da zane shi ne negatif, ɗauki hoto kafin ka cire, don in ka juya shi fashewa zai yi. Sannan ka ɗan janye ta daga bango ta sha iska, a daina lulluɓe ta da mayafi tana aiki.

Mai tambaya:
Na buɗe. Uku sun kumbura, duka 1000µF 16V, babban kuma na same shi da 290V bayan minti goma da zarewa. Malam, Allah ya saka da alheri, da na kai hannu. Na samo masu 25V amma sun fi tsayi, murfin ba zai rufu ba. Zan iya kwantar da su?

Malamin lantarki:
Kwantar da su, amma ƙafafun kar su yi tsawo, ka sa musu roba kar su taɓa juna.