Wane suna za mu raɗa wa katin da ba a zurawa?

1/ Jama'a, ku taimaka mini. Ina wani ɗan rubutu da Hausa a kan Klaus Finkenzeller, injiniyan Jamus da ya daɗe yana aiki a kamfanin Giesecke & Devrient a birnin Munik, sai kalmar "contactless", wadda ake ce wa katin da na'ura ke karantawa ba tare da an zura shi ba, ta tare mini hanya. Littafinsa na 1998 a kan fasahar RFID, wato gane abu ta hanyar siginar rediyo, har yau ɗalibai na komawa gare shi, kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin ƙa'idar ISO 14443, wadda yawancin irin waɗannan katuna suke bi a duniya.

2/ Kafin suna, mu ga yadda abin yake. Ku samu farin kati, irin na buɗe ƙofar otel, ku shiga ɗaki mai duhu ku haska shi da tocilar waya ta baya. Za ku ga siririyar waya ta zagaye gefensa sau 'yan kaɗan, ta ƙare a jikin wata 'yar ƙwayar lantarki (chip). Babu batir a ciki. Na'urar da ke karanta katin tana fitar da ƙarfin maganaɗisu a kan mita 13.56 MHz, wayar nan ta cikin katin ta zuƙi wuta daga gare shi ta ciyar da ƙwayar, ƙwayar kuma ta mayar da amsa ta wannan wayar dai. Dokar da Michael Faraday ya gano a 1831 ce take aiki a aljihunmu. Amma fa sai an kusanto, don abin ba ya wuce kamar santimita 10.

3/ Na ga wasu suna rubuta "kati marar taɓawa". Ban gamsu ba. Bahaushe zai ji kamar an hana shi taɓa katin ne. "Katin nesa" kuwa ƙarya za mu yi, tunda daga nesa ba ya amsawa.

4/ Ga abin da kunnena ya fi karɓa. Tsohon katin ATM muna cewa a zura shi. Wannan kuwa kara shi ake yi, kamar yadda mutum yake kara waya a kunne. To "katin karawa" fa? Matsalarsa biyu: karawa tana kai tunani ga dambe ko ƙwallo, kuma duk wanda wayarsa ba ta da ƙ zai karanta shi "ƙarawa". Shi ya sa na koma ga salon kakanninmu na faɗi-ka-mutu da taɓa-ka-lashe, na ce katin kara-ka-wuce. Sunan ya faɗi ainihin abin da mutum yake yi a ƙofar jirgin ƙasa na Landan da katin Oyster tun 2003, ko a Hon Kon da Octopus tun 1997, ko a motocin BRT na Legas da katin Cowry.

5/ Saura ita wayar da ke ciki. Eriya ce, ba shakka, amma da ka ce eriya sai a hango ƙarfe a kan gora bisa rufin kwano. Masu gyaran fanka da janareta suna ce wa irin wannan naɗin koyil. Ni na fi son "eriyar naɗi", domin naɗin ne yake ba ta ikon jawo wuta, kuma idan kati ya lanƙwashe har wayar ta tsinke, shi ke nan ya daina amsawa ko da ƙwayar lafiyarta ƙalau.

6/ Inda na tsaya ke nan: katin zurawa, katin kara-ka-wuce, eriyar naɗi. Sai dai fasfo ɗin Najeriya, wanda ake sa wa irin wannan ƙwaya tun 2007, shi ba kati ba ne, ban san ko "kara-ka-wuce" zai zauna masa ba. 'Yan'uwa na Maradi da Damagaram, ku da ake kawo muku kalmomin ta Faransanci, me kuke ce wa irin wannan kati a kasuwa?